Ɗakin Ƙarshe Da Muka Fara Da Yaya Mai Furanni

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Laraba, bakwai ga wannan wata, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Yaya Mai Furanni a gadon asibiti. Babbar 'yarta ce ta kira ni. Ina kan tsani ina rataye labule na ga kiran, kuma tun kafin in ɗaga na san abin da za ta faɗa.

Yaya, ba ciki ɗaya muka fito ba, sana'a ce ta haɗa mu. Ni mai tsara cikin gida ce: in zaɓi fenti, in auna labule, in ce ga inda kujera za ta zauna. Ke kuma furanni ne naki. Ba kya yarda a kira ki bayan an gama komai. Tun siminti bai bushe ba kike shigowa, ki tsaya bakin taga ki ga ta inda rana ke faɗowa, ki ɗora fure a kan ƙyallen da na zaɓa, ki yamutse fuska. Mun sha faɗa. Ki ce in matsar da tebur, fanka za ta kashe miki wardi. In ce ki rage tsawon karan nan, ba daji muke shukawa a falon mutane ba. Sarkin Awo kike ce mini, wai ko murmushi sai na gwada shi da tef. Amma da aka yi mini aiki wajen haihuwa, ke kika tsaya a kan ofishin da nake gyarawa, kina faɗa da masu fenti a madadina, har na miƙe.

Bara tsoro ya shigo mana. Muna shagonki kika miƙo mini wani farin fure, kika ce in shinshina in gaya miki ko yana da ƙamshi. Na ɗauka tsokana ce, don ƙamshinsa har bakin titi ana ji. Sai kika rage murya kika ce, "Ƙanwata, na kwana biyu ba na jin ƙamshin komai."

Muka ce mura ce, muka yarda da hakan don ba ma son wata amsa. Sai almakashi ya fara suɓuce miki, sai ciwon kai mai sa ki dafa bango. Likita ya ɗauki hoto, ya ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa. Daga ranar na zama hancinki. Kowane fure sai ya bi ta wurina, ina shinshinawa ina satar kallon hannunki, ko rawar da ya fara ta ƙaru.

Aikinmu na ƙarshe ɗakin wata tsohuwa ne mai ciwon asma, da ɗanta zai dawo da ita gidansa daga asibiti. Turare kaɗan kan shaƙe ta, amma ta ce ba za ta zauna inda babu fure ba. Na cire kafet, na sa labule mara riƙe ƙura, na bar fenti ya sha iska. Saura naki. Kina kwance kika zaɓi marasa ƙamshi, kika ce in kakkaɓe ƙurar da ke tsakiyar kowanne, in wanke ganyen, in ajiye nesa da gado. Kin ce za ki tashi ki duba da idonki.

Furannin sun iso washegarin rasuwarki. Na so in mayar da su. In na yi kuskure, ba ado ne zai ɓaci ba, numfashin mutum ne, ga shi ba ni da wanda zan tambaya. Hancin da kika dogara da shi ma kuka ya toshe shi. Ɗan tsohuwar ya ce an riga an sallame ta, suna hanya. Haka na zauna na bi furannin ɗaya bayan ɗaya.

Da aka shigo da ita na rakuɓe a bakin ƙofa, idona na kan ƙirjinta, ɗanta na riƙe da maganin shaƙarta. Ta zauna bakin gado, ta daɗe tana kallon tebur. Ta ja numfashi, ya sauka lafiya. Ta sake ja. Sannan ta juyo ta ce, "'Yata, ki gaishe mini da mai furen nan. Tana da hannu."

Na ce to. Na fita baranda na zauna a ƙasa.

Tsoron bai sake ni ba, Yaya. Akwai gidajen da muka karɓa tare, ban san da wane ido zan shiga su ba. Kuma na ga yadda mutum kan kasance tsaye da almakashi a hannu, alhali lokacinsa ya kusa bai sani ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya yalwata makwancinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki da 'ya'yanki da 'yan'uwanki. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mu da muka saura, Allah Ya kwantar mana da hankali, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.