Gwaggo Ta Zaɓi Tayil da Tafin Ƙafa

Gwaggona, ƙanwar babanmu, shekara arba'in ta yi a kan keken ɗinki. Gajera ce mai kaurin murya, kuma tun ina yarinya ban taɓa ganin ta sayi yadi da ido kaɗai ba. Murza shi take yi tsakanin yatsu biyu, sannan ta faɗa wa mai shago abin da yake sayarwa, ko ya ji daɗi ko kada ya ji. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta uku kowa yana garinsa, ita kaɗai ce a gidanta mai ɗaki biyu da falo.

Sai ciwon ido ya same ta, irin mai cin gani daga gefe-gefe. Likita bai ɓoye mata ba, ya ce magani zai rage masa gudu amma ba zai tsayar da shi ba. Babban ɗanta, wanda muke kira Yaya Manaja don ko gaisuwa sai ya tsara ta, ya zo da shawararsa a naɗe: ta tattara ta koma gidansa, akwai ɗaki, akwai mai aiki.

"In koma in yi me?" in ji Gwaggo. "In zauna ana miƙo mini ruwa kamar baƙuwa? Ina! Gidan nan za ka gyara mini."

Suka yi ta ja har Yaya ya gaji. Ya yarda zai gyara, amma da sharaɗi: ranar da ta faɗi, ko ta ƙone, ko ta kasa yi wa kanta abu, babu musu, mota za ta shiga. Gwaggo ta ce ta ji.

Ni aka haɗa da ita zuwa shagunan kayan gini, don ni ce a kusa, kuma Allah ya gani na ji jiki. Yaya ya turo mini hotuna a waya. Komai fari fat, bango fari, ƙofa fara, ƙasa sai walƙiya take. Na ce wallahi ya yi kyau. Gwaggo ta kawo wayar dab da hancinta.

"To ina ƙofar take a nan? Ke mai ido biyu nuna mini."

Sai da na ɗan lalube ta kafin na gano.

A shagon farko mai shago ya tare mu da fara'a, ya jero mana tayil masu sheƙi, mutum har fuskarsa yake gani a ciki. Gwaggo ta ce ya shimfiɗa ɗaya a ƙasa, ya kuma kawo mata ruwa a kofi. Ya ɗauka sha za ta yi. Ta tuttule ruwan a kan tayil ɗin, ta cire takalmi, ta riƙe kafaɗata, ta ɗora ƙafa. Ƙafar ta tafi suuu.

"Mama, ai shi ake yayi yanzu," in ji mai shago.

"Yayin ne zai zo ya ɗaga ni in na zame? Ɗauko na bayan can, waɗanda kuka ɓoye don ba su da kyau."

Kwana uku muna wannan yawo. Kunya kamar in nutse, don duk shagon da muka bari sai an bi mu da tsumma. Ita ko a jikinta. A ƙarshe ta zaɓi kala huɗu, babu wanda ya dace da ɗan'uwansa. Na falo sumul amma marar sheƙi. Na hanyar da ke tsakanin ɗakuna mai layi-layi, kuma ta ce layin ya miƙe, kada a gicciye shi. Na kicin mai kaushi kamar dutsen goge kaushi. Na banɗaki ƙanana ƙanana, don yatsu su sami abin kamawa. Ɗakin kwananta kuwa ta hana a taɓa, ta ce ta san simintinsa tsagi-tsagi.

Mai sa tayil ya kalli kayan ya dafe kai.

"Hajiya, za ki ɓata mini suna. Duk wanda ya shigo zai ce ragowar aikin mutane na tattaro miki."

"Ka ce ni na sa ka. Ƙafata ce za ta riƙa faɗa mini inda nake, ba bakin mutane ba."

Ta sa ya fasa dokin kowace ƙofa ya daidaita ƙasa. Ta sa kafinta ya bi bango da siririn katako daidai ƙugunta, ta bi shi da tafin hannu tun daga bakin ƙofa har kicin, ta mayar da shi sau biyu ya sake gogewa saboda sartse. Mariƙin kowace ƙofa daban, wannan dunƙulalle, wancan dogo. Mai fenti ya so ya yi mata ruwan madara ko'ina, ta bar masa bango, amma gefen ƙofofi da kewayen makunnin wuta ta ce shuɗi mai duhu, don ta ci moriyar ɗan ganin da ya rage mata. Da ma'aikata sun tashi, sai ta rufe ido ta yi ta kai da kawowa, tana gyara wa kanta hanya.

Da Yaya ya zo ganin aiki, ya tsaya a tsakiyar falo ya sha mur.

"Umma, wannan gida ne ko wurin nuna samfur?"

"Gidana ne," ta ce. "Cire takalminka."

Shekara ɗaya da rabi aka yi, ba faɗuwa, ba ƙuna. Sai wata Asabar da hantsi ga Yaya babu sanarwa, wai ya ji ta daina fita ita kaɗai. Ina gidan. Na san abin da bai sani ba, amma ta rantsar da ni kada in faɗa.

Gwaggo ta amsa gaisuwarsa, ta ce ya zauna. Na yunƙura zan tashi, ta ce, "Ke kuma ina za ki? Zauna." Ta miƙe ta nufi kicin, tafiyarta ta kullum, ba sauri ba sanɗa. Muna jin ƙarar famfo, muna jin cokali. Yaya ya zuba wa ƙofar ido, ko ƙiftawa ba ya yi. Can ta fito da faranti, ta ajiye a kan tebur, ta zuba masa shayi, ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba.

Ya sauke ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi. Gaskiya da niyyar tafiya da ke na zo, Umma. Ashe idon da sauƙi. A bari sai ya ƙara nauyi tukuna."

Gwaggo ta gyara zama.

"Babu sauran nauyin da zai ƙara. Yau wata biyu ke nan da ya tafi gaba ɗaya. Tun da ka shigo muryarka kawai nake ji."

Yaya ya ajiye kofin. Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya dubi uwarsa. Ƙaton mutum da furfura a gemu, sai ga hawaye. Ni ma ban san lokacin da nawa suka zubo ba, don tausayi da alfahari suka haɗe mini wuri ɗaya.

"Ina jin ku fa, ku biyun," in ji Gwaggo. "Ba a yi mini kuka a falo. Na faɗi ne, ko na ƙone?"

"A'a, Umma."

"To sha shayinka. In ka tashi tafiya, ka ja mini ƙofa."