Bututu a Tsakiyar Falo

Duk garin Madawaska babu wanda bai san kaifin bakin Rejeanne Pelletier ba. 'Yar mai gyaran famfo ce, tun tana shekara goma take miƙa wa ubanta dalma. Bututun ruwan zafin da ke bin gindin bangon gidanta yana ɗumama ɗakuna, da hannunta ta liƙa shi shekara talatin da takwas da suka wuce. A kansa ta busar da safar 'ya'yanta huɗu duk lokacin dusar ƙanƙara.

Da ciwon sukari ya tafi da idon mijinta Ovide, bututun nan ya zama masa ɗan jagora. Sanda kam ya ƙi ta ƙememe. Sai dai ya manna gefen ƙafarsa da murfin bututun, ya bi ɗumi daga gado zuwa falo, ya bi bango har kicin, ya ja kujerarsa ya ci wainar safe. Tsohon manomin dankali ne mai shegen girman kai, gara ya wuni da yunwa da a riƙe masa hannu.

Kwatsam sai ga Lucien, babban ɗansu, daga Portland, da niyyar alheri da ma'aikata uku, wai zai gyara musu gida. Rejeanne ta kafa sharaɗi ɗaya: in an cire tsohon bututu, dole ya koma. Ya ce to. Tsofaffin suka tare gidan ƙanwarta, can ta yi sati uku tana goge murafan da aka ciro, tana miƙe siraran ƙarafan jikin bututun da tsohon cokali mai yatsu.

Ranar da suka dawo, Ovide ya laluba da ƙafa, ya ji ɗumi, ya yi murmushi, ya kama hanyar kicin. Taku tara, ɗumi ya yanke. Ashe bangon da ke tsakanin falo da kicin an rushe shi, bututunsa an kai wani ɗaki. Tsoho ya tsaya a fili, hannu a miƙe, yana juyawa a gidan da ya gina. Bai kira kowa ba. Can ya ce, "Ni dama ba na jin yunwa."

Rejeanne ta ƙwala kira a fusace.

"Lucien! Zo nan, sarkin masu wayo. Ina bangona?"

"Haba Mama, ai bututunki duk na mayar, ko guntu ban zubar ba. Dubi fili! Dubi haske!"

"Haske? Wa zai gani, ubanka?"

"Zai saba mana. Ko kuma a sayo masa sanda."

"Ka kawo ta. A gadon bayanka zan karya ta, da furfurarka da komai."

Kwana biyu Ovide bai fito daga ɗaki ba, abinci ma sai ya tsakura ya ture. Rejeanne tsoro ya kama ta, tsoron kuwa ya ƙara mata fushi. A rana ta uku ta sauka ɗakin ƙarƙashin gida ta rufe ruwa, ta ɗauko tsofaffin kayan aikin ubanta, ta huda sabon daɓen katakon nan mai ƙyalli ba ko tausayi. Ta ciro bututun daga ɗakin da aka kai shi, ta shimfiɗa shi tsirara a tsakiyar falo, daidai inda bangon yake a da, ta kifa masa murfinsa.

Lucien ya shigo ya ɗora hannu a ka. "Wayyo Allah, Mama, kin kashe falon! Baƙi ai tuntuɓe za su riƙa yi!"

"Baƙi suna da ido."

Ta buɗe ruwa. Bututu ya fara ƙas-ƙas, zafi na shigarsa. Ovide ya ji, ya fito. Taku tara ya tsaya, ya tura ƙafa a hankali, ya tarar da ɗumi na jiransa. Ya bi shi har ya dafa kujerarsa ya zauna.

"Rejeanne, wainar nan sai yaushe?"

Ta juya wajen murhu don kada Lucien ya ga idonta. "Ka jira mana, tsoho. Hannu biyu gare ni."