Gidana da Gardamar Tsohon Shugaba

A ƙauyen masunta aka haife ni, a bakin gulbin Rima, can sama da Goronyo. Yau in ka je wurin ba abin da za ka gani sai ruwa. Babanmu yana da jirgi da taru, yana kuma da 'yar fadama inda yake dasa albasa in ruwa ya janye. Da ya rasu, yayana ne ya gaji jirgin da fadamar da gidan, shi ne kuma ya aurar da ni.

Mijina mutumin Giyawa ne, manomin tudu, wanda bai san komai ba sai gero da jaki kafin a fara aikin dam. Da ya ji kamfani na ɗaukar leburori ya zo ya shiga layi, aka sa shi cikin masu sauke siminti. A nan ya gan ni ina kai wa ma'aikata soyayyen kifi, muka daidaita. Malam nake ce masa, ko da yake karatunsa bai yi nisa ba. Bayan aure aka ba mu ɗaki ɗaya cikin dogon ginin leburori, ƙofofi a jere, kowace ƙofa da iyalinta.

A shekarun ne aka tashi ƙauyenmu. Aka ce ruwa zai ci wurin, aka yanka wa mutane filaye a kan tudu wajen Shinaka, ƙasa mai tsakuwa wadda ko rijiya sai an sha wuya kafin a kai ga ruwa. Yaya ya kwance azarar gidan babanmu da ƙyauren zaure ya ɗora wa jakuna, ya bar sauran. Kaburburan iyayenmu ba su ɗaukuwa. Tun daga ranar bai ƙara ambaton shugaban ƙasa na lokacin da alheri ba. Malam kuwa ba ya son a taɓa mutumin ko da wasa.

Kowace Juma'a in an sauko masallaci Yaya yakan biyo ta wurinmu da bandar kifi a ƙunshe. In shimfiɗa musu tabarma a inuwar bango, in kawo tuwo, kafin su wanke hannu an fara gardama. Malam yakan ce kafin zuwan mutumin nan, wa ya taɓa ganin ɗan talaka na Giyawa yana karɓar albashi? Da rani sai dai su tafi cin rani kudu su dawo da zazzaɓi, yanzu ga aiki a ƙofar gida, ga keke, ga asibitin ma'aikata. Abin da ya fi kafa hujja da shi kuwa gidaje ne. Shugaban ya yi alkawarin kowane ma'aikaci zai mallaki gidan kansa, kuma ba a baki ya tsaya ba, ga su can ana ginawa a bayan gari, na bulo da siminti. Malam yakan hau keke ya je ya zagaya su, ya dawo yana ba ni labarin yawan tagogi.

Yaya ba ya ɗaga murya. Yakan bari sai Malam ya gaji, sannan ya ce, "Kai gidan da za a ba ka kaka lissafi. Ni wanda anka amshe min nika lissafi."

Malam ba ya rasa amsa. Yakan nuna ƙayar kifin da ke cikin kwano ya tambaye shi daga ina wannan ta fito, in ba daga ruwan mutumin ba. Gaskiya ne kuwa, tun da tafkin dam ɗin ya cika Yaya yake kama giwan ruwa da bai taɓa ganin irinsu a gulbi ba. Yaya yakan yarda da wannan, amma ya ce kifi ba ya maye fadama, kuma 'yan'uwanmu na ƙasa, wajen Wurno da Rabah, sun koma sai an ga dama a sako musu ruwa, alhali a da Allah ne kawai ke sako musu. Haka za su yi ta yi har la'asar, su tashi su yi salla sahu ɗaya, Malam ya rako shi har bakin hanya.

Ni ba a tambayata, ban kuma cika sa baki ba. Abin da nake gani shi ne kwanon rufi. Duk lokacin da Malam ya samu sarari sai ya sayo falle ɗaya ko biyu a kasuwa, ya ɗauro a keke, ya jingina a bangon ɗakinmu. Ya ce in an ba shi gidan zai ƙara min ɗakin girki da rumfa, don gwamnati ba ta san mace na bukatar inda za ta yi banda ba. Kwanon ya yi ta taruwa har ya cinye mana kusurwa guda, yara suna yanke ƙafa a bakinsa.

Sai aka wayi gari an sauke shugaban. Malam ya ji a rediyon maƙwabcinmu, ya shigo ya zauna bakin gado, abincin ranar ko taɓawa bai yi ba. Na ɗauka Yaya zai zo yi masa dariya. Ya zo ɗin, amma ya zauna suka yi hirar tsadar taru da ciwon ƙafar goggonmu. Sai Juma'ar da ta biyo baya suka koma inda suka tsaya.

Aiki ya fara ja da baya. Turawan kamfani suka tafi, manyan motoci suka tsaya a fili ciyawa ta fito ƙarƙashinsu. Gidajen nan wasu suka tsaya ba rufi, awaki na kwana a ciki. Waɗanda aka gama kuwa muka ga akawuna da 'yan'uwan manya sun tare, ba mu san ranar da aka raba makullai ba. A dogon gininmu babu mutum ɗaya da ya samu. Malam ya ce wannan ba laifin mutumin ba ne, na ƙasa da shi ne suka ci amana, kuma da an bar shi ya gama da ba haka ba. Yaya ya ce shugaban da bai san abin da na ƙasa da shi ke yi ba, to shugaban mi ne? Malam ya samu an bar shi a matsayin mai share magudanar ruwa, ya ci gaba da aiki cikin laka har ƙirjinsa ya kama. Ya yi jinya damina guda. A wannan ɗaki na aro ya cika, kuma har ya cika bai canza magana a kan mutumin ba.

Ina fita takaba wani ma'aikaci ya zo daga ofis, da hularsa a karkace. Ya yi min gaisuwa a tsaye, ya ce ɗakin na masu aiki ne, in nemi wuri. Ban yi masa musu ba, don na san haka ne. Amma da ya leƙa ya ga kwanon sai ya ce wannan kayan aiki ne, leburori sun saba kwasa, za a turo mota a ɗauka.

Na ce masa, "Mi kac ce?"

Ya maimaita. Na shiga na jawo kwanon falle-falle na shimfiɗa a ƙofar ɗaki, na hau kai na zauna da goyona. Na ce masa mutumin da ya sayi wannan kaya da ƙirjinsa ya biya, kuma ba za a kira shi ɓarawo yana kabari ina raye ba. In motar ta zo, su ɗauka da ni a kai. Matan layinmu suka fito suka tsaya, kowacce ta ga ranar da Malam ya shigo da kwanonsa a keke. Ba wadda ta yi zagi. Ma'aikacin ya tsaya yana gyara hula, ya ce zai dawo. Ban sake ganinsa ba.

Yaya ya ce in komo gidansa. Dangin Malam suka aiko daga Giyawa cewa akwai ɗaki. Na gode musu duka, na ce na gama zaman ɗakin da wani zai iya cewa in tashi. Na sa Yaya ya raka ni wurin mai unguwa, na roƙi fili a gefen Goronyo, inda gari ya ƙare gonaki suka fara. Mai unguwa ya dube ni ya tambayi Yaya ko da gaske nake, wai ina aka taɓa ganin mace da marayu ta kafa gida ita kaɗai. Na amsa da kaina, na ce to za a gani. Ya yi dariya ya ba ni wani wuri mai kwari da kowa ya ƙi.

Kifin Yaya nake karɓa in yi banda, in kai kasuwa, wani lokaci har Wurno da Rabah a bayan motar albasa. Ranar da ba kasuwa, ni da yara muna bakin kududdufi muna kwaɓa ƙasa da ciyawa muna buga tubali. Magini kawai na ɗauka, sauran aikin namu ne. Damina ta farko ruwa ya taru a kwarin ya kwantar da bangon gabas. Mutane suka ce ai dama an faɗa. Na kwashe rani ina ɗebo ƙasa da jakin aro ina cike wurin, na sake tayar da bangon. Ranar da aka buga kwanon Malam a kan ɗakuna biyu, na shiga na rufe ƙofa na yi kukan da ban samu yi ba a zaman makoki.

Shekaru suka tafi. Babban ɗana ya yi karatu ya zama malamin makaranta, ya kuma ɗauko ra'ayin ubansa kaf, har yadda yake nuna yatsa. Shi ya gaji tabarmar gardama da kawunsa. Shi da hujjojin littafi yake zuwa, ya ce a duba shinkafar Wurno, a duba noman rani da ke ciyar da gari, duk tushensu zamanin mutumin ne. Yaya, da furfura ta gama cin kansa, ya ce a tambayi wanda ke da gonar shinkafar da wanda ke yi masa ƙodago.

Da siyasa ta dawo, wasu suka fito suna cewa su ne magadan tsohon shugaban. Wata safiya ina tsakar gida ina jera kifi a kan waya, na ji hayaniya a waje. Na fito na tarar da samari da bokitin fenti, da wani mai babbar riga, da wani riƙe da na'urar ɗaukar magana, ɗana yana tsaye tare da su. Mai babbar rigar ya gaishe ni da ladabi, ya ce sun ji wannan gidan leburan dam ne, suna so su zana hoton tsohon shugaban a katangata, in kuma faɗa wa rediyo yadda ma'aikata suka mallaki gidaje a zamaninsa. Ya ce ɗana ya riga ya amince.

Na ce ɗana bai da katanga a nan tukuna. Na ce musu ba zan ci haƙƙin mutumin ba: a zamaninsa mijina ya samu aikin da ya sayi rufin nan, wannan zan faɗa ko a gaban wa. A zamaninsa kuma ruwa ya ci gidan ubana. Amma gida bai ba mu ba, bai ba kowa a layinmu ba, kuma ba zan tsaya gaban bangon da na tayar sau biyu in ce kyauta ce ba.

Ɗana ya matso ya rage murya. "Inna, da Baba na da rai da ya yarda."

Na ce, "Da ya yarda, na sani. Ubanka mutumin kirki na, ya yi ta jira har yam mutu ɗakin aro. Ni ban jira ba. Ku ɗauke fentinku."

Mai na'urar ya tambaya ko zai iya ɗaukar abin da na faɗa. Mai babbar rigar ya ce a'a, suka wuce gidan gaba. Da labari ya kai wa Yaya sai ga shi da murna, wai ashe tun da can ina bayansa. Na ce masa ba bayan kowa nake ba, shi ma ya daɗe yana cin kifin ruwan da yake zagi. Sai ya ce in zubo masa fura.

Ɗana ya yi fushi, ya ɗauke ƙafa har aka gama zaɓe. Daga baya ya dawo da kansa, bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Har yau yana nan kan bakansa game da mutumin, ina kuma jin daɗin yadda yake tsayawa a kai.

Da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan wajen Shinaka, Yaya ya kwaso iyalinsa da abin da jaki zai iya ɗauka, suka sauka a wurina. Yana kwana a zaure, matan suna ciki tare da ni. Ɗana, da yake yanzu a Sakkwato yake aiki, ya zo ya ce in sayar da gidan mu koma can gaba ɗaya, akwai mai albasa da ke so ya mai da shi sito. Na ce ya gaishe da mai albasar. Washegari na aika aka kira min magini, na nuna masa bayan ɗakin girki, na ce ɗaki ɗaya nake so a ƙara kafin ruwa ya sauka, mai ƙofa ta waje, don Yaya ba ya son ratsa mata in zai fita masallaci.