Igiyar da Malam ya so ɗauka

"Malam, igiya! Igiya!"

Haka na kurma ihu jiya da hantsi, maigidana ya goyo ni a keke a hanyar Sandamu, za mu suna.

Mu tun muna yara an hana mu kiran maciji da sunansa, sai dai igiyar ƙasa. To, tsoro ya haɗiye min "ƙasa" ɗin.

Malam kuwa ba ya wuce tsintuwa. Ya ja birki, muka sauka, yana murna: "Alhamdulillahi, dama ta akuyarmu ta tsinke."

Ya duƙa zai miƙa hannu cikin ciyawa, ga kububuwa a naɗe. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Maciji ne, bawan Allah!" ba.

Jama'a, tsohon da ke sallah a zaune saboda gwiwa, sai ga shi ya tsallake kunyar gero biyu! Ita ma baiwar Allah ta sulale abinta.

Ya dawo yana haki: "Hajiya, ba kyau fa kiran sunansa."

Na ce, "To, koma ka ɗauko wa akuyar."

Allah dai ya tsare, amma har yanzu haƙarƙarina ciwo yake don dariya. Ku a gidanku, me ake ce masa?