Gawar Gadon da ke Kusa da na Baba

Mutanen cocinmu sun ɗauka ƙaunar maƙwabci ita ce kai kular abinci asibiti ranar Lahadi, a yi waƙa, a yi murmushi, a koma gida. Ba ita ba ce. Ni da na ɗanɗana, ba daɗi a cikinta ko kaɗan, sai zufa da faɗuwar gaba.

Lokacin ina jinyar Baba a babban asibitin da ke kusa da mu a Gyaɗi-Gyaɗi. Gadon da ke gefensa wani dattijo ne Musulmi daga wani ƙauye can bakin iyaka. Ba mai zuwa duba shi. Matarsa kaɗai ke tare da shi, tsohuwa siririya, ko hanyar fita asibitin ba ta sani ba. Inna nake ce mata. Nakan zuba mata kunu, ita kuma ta yi ta yi mini faɗa wai ina tafiya kamar soja.

Wata ranar Juma'a da hantsi dattijon ya cika. Na dafa Inna na faɗi abin da muke faɗa a gidanmu in an yi rashi:

"Inna, kwantar da hankalinki. Za a ajiye shi a mutuware har 'yan uwa su zo, ko da sati biyu ne."

Ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni.

"A ƙanƙara? Mijina? 'Yar nan, me ya yi miki? Yau zai kwanta a makwancinsa. Yau!"

Mu gawar kakata sai da ta yi wata guda a mutuware kafin a kai ta gida Kudancin Kaduna, da anko da ganguna. Ban taɓa kawowa a raina cewa jira ma wulaƙanci ne a wurin wasu ba.

Baba ya ɗago kai da ƙyar, ledar ruwa na rataye a hannunsa. "Kin tsaya kina zare mini ido. Mutumin nan da aka yar a bakin hanya har baƙo ya tsaya ya taimake shi, wanda muke karantawa kullum a coci, kin zaci tatsuniya ce? Tafi ki nemo maza."

Wata nas ta lissafa mini: masu wanka, likkafani, makara, masu sallah, kabari. Ba ko ɗaya da mace Kirista za ta iya yi da hannunta. Wayar ƙauyensu ba ta shiga. Na ruga gidan Alhajin da muke haya a wurinsa, Hajiya ta ce ya yi tafiya. Na hau adaidaita zuwa Tarauni wurin telanmu, shago a rufe, ya tafi masallaci. Na kira shugabar zumuntar matan cocinmu.

"'Yata, kada ki tsoma baki a harkarsu. In wani abu ya karkace, ke za a kama. Za mu sa ta a addu'a."

"Mama, addu'a ba ta haƙa kabari!"

Na kashe wayar.

Na dawo a ƙafa, don an tare hanya. Sahu ya fito daga masallacin Juma'a ya cika titi, maza ba iyaka, ga tabarmi, ga takalma. Duk abin da Inna ke nema yana nan zaune a gabana, ni kuwa ga ni da wando, kai ba ɗankwali, gicciye a wuya. Rana ta take. Na tuna gobe tsohuwar nan za ta koma ƙauye a tambaye ta wa ya sallaci mijinta.

Wata mai sayar da zoɓo ta dube ni sama da ƙasa. "Ke kuma lafiya kike kuka a nan?"

"Ara mini mayafinki."

Ta miƙo mini na yafa, ban ɓoye gicciyen ba. Na matsa bakin sahun ƙarshe na tsaya. Na ƙudura a raina, liman na sallamewa zan tare dattijon farko da ya miƙe, in ce masa akwai gawar baƙo Musulmi a asibiti ba mai ita. In ya wuce in tare na bayansa, in kuwa duk suka wuce, in ɗaga murya har liman ya ji.