Ni da Ban Taɓa Riƙe Dala Ba

Shekarun da na yi ina sayar da kankana a bakin titin Orozo, ban taɓa zaton sana'ata tana da alaƙa da wani abu da ya wuce kasuwar Zuba ba. Can nake saro kaya da sassafe, kafin hantsi na jera su a tebur.

Akwai wata ma'aikaciyar gwamnati da ke tsayawa wurina duk Juma'a in ta taso daga ofis. Ba Bahaushiya ba ce, amma tana jin Hausa. Manya biyu take ɗauka saboda 'ya'yanta. Da fetur ya tashi sai ta koma ɗaya, daga baya rabi. Wata rana na ga ta sauko daga bas, ashe ta jingine motarta a gida.

Na shiga ba ta haƙuri kan tsada. Na ce direbobi sun ƙara kuɗin mota, manoma suna kuka da taki, kowa ka tambaya sai ya ce dala.

"Madam, ni ban taɓa riƙe dala ba. Me ya haɗa ta da kankana?"

Ta zauna a bencina, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Malam, maganin feshin manomi daga waje ya zo. Tayan mota da ya kawo kaya, daga waje. Mu kuma ɗanyen mai ne babban abin da muke sayar wa ƙasashen waje mu samu dala. In dala ya yi kaɗan, kowa yana nema, naira ya faɗi. Albashina bai motsa ba, ba zan iya saya ba. In ban saya ba, kai ba za ka saro ba, manomi ya rage shuka."

"To wa zai gyara?"

Ta ce ba ta sani ba.

Na gane, amma ganewar ba ta amfane ni da komai ba. A da direba nake zargi, in yi masa faɗa in huce. Yanzu ba wanda zan kama. Kankana ta riƙa ruɓewa a hannuna. Na koma yankawa ƙanana a leda, su ma kafin la'asar sun yi tsami. Matar ta mai da 'ya'yanta garinsu, ban ƙara ganinta ba.

Na kira yayana a ƙauyenmu na Katsina, na ce zan dawo noma. Ya ce in zauna inda nake, gonarmu ta bayan gari ba mai iya zuwa saboda 'yan bindiga.

Na sayar da teburin. Yanzu dako nake yi a Karshi ranar kasuwa, sauran ranaku ina zaune.