Motar da Aka Ba Baba Sasi

Baba Sasi a kan sitiyari ya tsufa. Tun ina sabuwar malama a ƙauyenmu na kudancin Tunisiya yake kai yara makarantar cikin gari. Motoci biyu ne a lokacin, ɗaya ta 'ya'yan farare, ɗaya tamu ta baƙaƙe. Tamu yake ja, wata akwala da sai an tura take tashi. Bai taɓa ƙorafi ba, kuma wannan haƙurin nasa har haushi yake ba ni.

Sai ga wata gidauniya daga babban birni da zungureriyar mota sabuwa fil. Sharaɗinsu ɗaya, yaran farare da baƙaƙe su riƙa shiga tare, in ba haka ba a karɓe ta a ƙarshen shekara. Aka yi tafi, aka ci kuskus, aka sayar da akwalar ga masu ƙarfe. Baba Sasi har hula ya saya.

Ranar farko 'ya'yanmu ne kaɗai suka fito. Fararen sun haɗa kai sun ɗauki hayar tasu motar. Haka aka yi ta tafiya, rabin kujerun babu kowa.

Madam Salwa, wakiliyar gidauniyar, ta zo ta leƙa motar ta girgiza kai. "Baba, mu haɗin kai muke tallafa wa. Ka yi wani abu mana."

Wai shi zai yi wani abu! Tsohon ya sa jallabiyarsa ta Juma'a ya bi gidaje. Ya je wurin Si Belgasim, babba cikin fararen, wanda Baba Sasi ne ya yi masa kiɗa ranar aurensa.

"Si Belgasim, ka ara mini ɗanka ko na mako guda. Kujerar gaba zan ba shi."

"Haba Sasi, ai ku namu ne tun kakanni. Matan ne ba sa so, ka san halinsu." Ya cika masa kwalba da man zaitun, ya raka shi har ƙofa.

Da shekara ta ƙare aka zo aka tafi da motar. Yanzu ƙafa yaranmu suke takawa, Baba Sasi yana gaba da sanda yana ɗaga wa manyan motoci hannu su rage gudu. Hanyar da nisa, sai iyaye suka fara cire 'yan mata. Jikarsa Mbarka, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajina, tana gida tana tsince zaitun. Wallahi na gaji da kallon gurbinta.

Na gaya masa abin da Madam Salwa ta ce a waya, wai al'umma ba ta shirya ba tukuna. Ya daɗe yana murza gwiwarsa.

"Malama, wace al'ummar? Mu dai kullum muna cikin motar."